Yadda Na Zama Barewar Yaya Bala

Tun ranar da aka koma makaranta ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta ce, "Rabi, wai da gaske har jihar Kwara kika je?" Waccan ta ce, "Wai kin ga zaki?" Ban ga zaki ba. Kun kuma san halina, in mutum uku suka zuba mini ido, maganar da ke bakina ciki take komawa. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku sau ɗaya, ku karanta ku miƙa wa juna, a bar ni in sha iska.

Bindigar Babanmu ce ta jawo tafiyar. Sana'ar gidanmu a Yelwa bandar kifi ce, amma Baba, Allah ya jiƙansa, yakan bi abokansa daji da rani. Da ya rasu, bindigarsa adaka ta zauna rataye a ɗakin Inna. Yayana Bala ya gama sakandare bara, aiki bai samu ba, sai ya ƙwallafa rai shi maharbi zai zama, barewa zai riƙa kawowa gida. Ya je wurin abokan Baba biyu da suka rage, duk suka sallame shi, don kafin su ce kalma ɗaya ya ce goma.

Baffa Mamman, ƙanen Baba, wanda yanzu shi ke riƙe da gida, ya gaji. Ya ce masa, "Bindiga ba kayan ado ba ce. Nemo maharbin da zai karɓe ka. In ruwan shuka ya sauka ba ka samu ba, in sai da ita, kai kuma ka zauna bakin banda kamar kowa."

Dama an shirya zan yi hutu wurin Gwaggo Kulu a Warra, sai aka haɗa ni da shi, tunda an ce akwai tsofaffin maharba a can. Inna ta zaɓo manyan tarwaɗa masu maiƙo daga banda, ta naɗe a takardar siminti, na gaisuwar duk wanda zai karɓe shi. Ta ce ya riƙe a hannu. Muna fita zaure ya cusa ƙunshin cikin jakarsa, tsakiyar tufafinsa, wai kada a ga yana yawo da kifi kamar ɗan talla. Na ce masa a hankali, "Yaya, mai zai fita." Ya ce, "Ke mi kika sani?" 

Bindigar kuwa cikin tabarma ya naɗe ta don kada kowa ya gane. Tabarmar ta gaza, bakin bindigar ya leƙo ta sama, gindinta ya leƙo ta ƙasa. Muna isa tasha yaron mota ya ɗaga murya, "Mai bindiga, hau baya! Ka juya bakinta sama, muna da iyali!"

A bayan a-kori-kura muka zauna bisa buhunan albasa. Kusa da mu akwai wani mutum da layu har wuya, ya ce shi maharbi ne, in ya ga dama yakan zama kututture a tsakiyar daji, giwa ta zo ta sosa jiki da shi ta wuce. Yaya ya buɗe baki yana saurare, har ya fara cewa ko mu sauka tare da shi. Bayan mun bar kwalta taya ta fashe, aka ce kowa ya sauko. Muna tsaye sai wani damo ya yi fakar-fakar cikin busasshen ganye. Kafin in waiwaya, mai zama kututture yana can saman albasa, takalminsa ɗaya a ƙasa. Wata tsohuwa ta ɗauka ta miƙa masa, ta ce, "Ungo, kututture." Yaya ya raɗa mini cewa dabara ce ta maharba, hawa tudu don a ga abin da ke tafe. 

A nan ne na fara ganin matan Kambari sun ɗauko itace. Ba a ka suke ɗauka irin namu ba, a kafaɗa suke ɗorawa, su ɗan karkata wuya, su yi ta tafiya da sauri ba gammo. Na gwada da ƙullin kayana, ban yi taku kaɗan ba wuyana ya ƙage.

Gwaggo Kulu ƙanwar Baba ce, daddawa take sayarwa, kuma in ta yi magana a tsakar gidanta ana ji a bakin ruwa. Da ta ji abin da Baffa ya ce, sai da ta yi masa faɗa kamar yana gabanta. Washegari ta kai mu wurin wani tsoho da ake ce wa Baba Ango, wanda aka ce ya yi suna a harbi. Muka same shi yana ɗinkin koma. Yaya ya durƙusa ya fara jawabi tun daga kakanni. Tsohon ya bari sai da ya tsaya shan numfashi, sannan ya nuna tafki da allurar hannunsa.

"Ka ga tsakiyar ruwan can? Nan nika harbin mariya, babbar 'yar'uwar barewa. Tun da aka datse kogi dajina ya nutse, ni ma kifi nika bi yanzu. In sanɗar barewa kaka so, ƙetara ka nemi Maiburtu. Amma yaro, in ka tahi, ka bar rabin bakinka a jirgi."

Yaya ya yi ta nanata wannan shawara, yana bayanin hikimarta, tun daga nan har gida.

Gwaggo ta ce da ita za a je, dama daga wancan ƙetaren take sayen kalwa, kuma ba za ta bar bindigar ɗan'uwanta a hannun shashasha ba. Ni kuma ba wanda za a bar ni wurinsa. Haka na samu kaina cikin jirgin inji, tsakanin awaki biyu da wani babur da aka kwantar. Ruwa yana shigowa ta ƙasa, aka miƙo mini ƙwarya aka ce in riƙa kwarfewa, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Kan busassun itatuwa suna leƙowa daga ruwa, tsuntsaye sun jeru a kansu. Mai jirgin ya nuna wani wuri da babu komai sai ruwa, ya ce kasuwar garinsu tana nan ƙasa. Can tsakiya injin ya yi tari ya mutu. Muka zauna cikin rana ana ta jan igiya. Yaya ya ajiye jakarsa ya zauna a kai. Ina kallo wani baƙin tabo na maiƙo ya fito a gefenta, yana faɗi. Na nuna masa da ido. Ya ce in ci gaba da aikina.

Masu tambayar yadda iyakar jiha take, babu komai a wurin. Ba ƙofa, ba tuta. Ruwan jihar Sakkwato da na jihar Kwara duk kala ɗaya ne. Abin da muka tarar a gaɓa shi ne wani mai gadin daji da kakinsa, zaune gindin tsamiya. Ya dubi tabarmar, ya yi murmushi, ya ce, "Samari, mene ne wannan?"

Takardar izinin bindigar tana aljihun Yaya, Baffa ya ba shi. Abin da zai yi kawai ya fito da ita. Sai ya ce, "Tabarma ce."

Mutumin ya ce, "To shimfiɗa mini in zauna."

Saboda wannan ƙarya muka wuni a gindin tsamiyar nan, don ya ce sai babbansu ya zo ya gani da idonsa. Gwaggo ta zagi Yaya da Hausa, ta ƙara da ɗan Gunganci, yaren Gungawan bakin ruwa, da ta iya. Da babban ya zo ya duba takarda, ya ja masa kunne kada ya kuskura ya shiga gandun gwamnati, ya sallame mu, rana ta riga ta yi sanyi.

Dole muka sauka a wani ƙauyen Gungawa, wurin wata abokiyar cinikin Gwaggo. Gidajensu irin waɗanda gwamnati ta gina musu ne da ruwa ya ci tsibiransu, na siminti masu rufi kamar an kifa kwando. Daga waje sun ba ni sha'awa, sai da aka sa mu ciki na gane abin da ya sa masu gidan suka gina bukkokin ƙasa a gefe suka koma. Zafin ɗakin kamar tanda, kuma rabinsa albasa ce aka shanya. Amma tuwon geronsu da miyar ɗanyen kifi, ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Matan suna magana da harshensu suna dariya suna nuna Yaya. Sai daga baya na ga dalili. Karnukan ƙauyen duka sun zagaye jakarsa sun zauna, kamar masu jiran rabo.

Da safe muka kama hanya da ƙafa. Da muka hango tungar Maiburtu, Yaya ya ce mu jira shi. Ya shiga bayan wata sabara, ya fito sanye da rigarsa ta Juma'a da ya ciro daga jakar nan, ya kuma bulbula turare har da bayan kunne.

Tungar bukkoki ne kaɗan. Wani ɗan tsoho siriri yana zaune ya ba mu baya, yana tufka igiya. Ba mu ko yi sallama ba, bai kuma waiwayo ba, ya ce, "Sannunku da hanya, mutanen gidan banda."

Yaya ya damƙe hannuna. "Kin gani? Asiri!"

Tsohon ya ce, "Ba asiri ba ne, hanci ne. Tun kuna bakin rafi iska ta kawo mini ku. Tarwaɗa a gaba, turare na bin ta, daddawa daga baya."

Gwaggo ta ce, "Kai Maiburtu, ka ji tsoron Allah!" Tana dariya.

Yaya ya sunsuna hannun rigarsa, ya sunsuna ɗayan. "Wallahi Baba ni ban ji komi ba." Ni ma na sunsuna mayafina a ɓoye, ban ji ba. Cikin hayaƙin banda aka haife mu, a ciki muke shanya tufafinmu. Ban taɓa sanin ana jin mu daga nesa ba, kuma ku da kuke zama kusa da ni a aji ba wadda ta taɓa gaya mini. Wannan ma zan riƙe shi.

Baba Maiburtu ya karɓi kifin ya gode. Ya karɓi bindigar, ya duba ta, ya shiga da ita bukka, ya fito hannu wofi. Yaya ya fara jawabinsa, tsohon ya ce a ci abinci tukuna. Abin da na fi so a gidan nan shi ne ba mai ɗaga murya. Matarsa in za ta kira jikokinta, harshe take ɗan kaɗawa su zo. Ko turmi a can nesa suka kafa shi. A gidanmu in ba ka yi ihu ba, ba a san kana da rai ba. Ban taɓa zuwa inda shiruna bai zama abin tambaya ba sai nan.

Da la'asar Baba Maiburtu ya fito da abin da ya ba shi suna. Kan burtu ne, babban baƙin tsuntsun nan mai kiwo a ƙasa, an ɗaura shi a kan lanƙwasasshen itace mai igiya. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana saran ƙasa kamar tsuntsun. Barewa ta saba kiwo tare da burtu, ba ta gudunsa. Ya ce wa Yaya, "Gobe ka gwada. Ba bindiga. Ka isa kusa da su kawai. Amma da warin ga ba ka isa." Yaya ya ce zai isa, ai ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi. Tsohon ya ce, "To."

Da sassafe matan tungar suka fita kaɗar ɗorawa, muka bi su ni da Gwaggo. Aka zaunar da ni a kan wani dutse ina tsare kwanduna, daga nan ana hango wata fadama da ciyawa ta fara tohowa. Can na gan su, barewa uku, jajaye-jajaye, ƙafafu kamar tsinke. Wutsiyarsu ba ta daina kaɗawa. Ɗaya in ta sunkuya, ɗaya ta ɗaga kai.

Sai ga burtu biyu sun fito daga cikin geza. Na farko Baba Maiburtu ne, wallahi da ban sani ba cewa zan yi tsuntsu ne. Ya yi taku, ya tsaya, ya sari ƙasa, ya karkata kai. In barewa ta ɗago, sai ya juya kamar ma ba ta gabanta yake ba. Kowane ɗan lokaci hannu yakan fito daga ƙarƙashin zanen ya saki ɗan toka, don a ga inda iska ta nufa. Na biyun kuwa sara yake ba ƙaƙƙautawa, kamar kazar da ta kwana da yunwa, ɗuwawu a sama, farin takalmi yana leƙowa. Duk da haka barewar ba su gudu ba, kallonsa kawai suke, ina jin mamaki ne ya riƙe su. Har na fara cewa a raina zai isa. Sai na ji iska ta taɓa mini ƙeya, ta juya. Na farkon ya tsaya cak. Barewar uku suka ɗaga hanci lokaci ɗaya, ɗaya ta yi atishawa, kafin in ƙifta ido babu su.

Yaya ya miƙe tsaye a tsakiyar fadama da kan tsuntsu a goshi. Tunda nake ban taɓa ganinsa ya rasa abin faɗa ba sai ran nan.

Ina zaune ina kallonsa sai na lura tsuntsayen da ke kuka a bayana sun yi shiru. Na waiwaya. Baba Maiburtu ne, saura kaɗan ya taɓa kwandon da ke gefena. Ya tsaya yana dubana, ni kuma kunya ta kama ni na sunkuyar da kai.

A gida Yaya ya durƙusa, wannan karon a gajarce ya yi magana. Ya faɗi sharaɗin Baffa, ya ce bindigar nan ita kaɗai ce abin Babanmu da ya rage a ɗakin Inna.  

"Bindiga tana wurina," in ji tsohon. "Ba ni ba yaro ita sai ya iya kai kanshi kusa da nama. Ɗauki burtun ga ka tahi da shi. Ka bar kwana kusa da banda, ka wanke tufafinka da toka, ka bar turare. Wagga ɗiya," ya nuna ni, "ita ce barewarka. Kullum da marece ta zauna tsakar gida tana aikinta, kai ka sanɗo. Ran da ka taɓa ɗankwalinta ba ta waiwayo ba, ka dawo in koya maka sauran." Ya juyo gare ni. "Ke kuma kada ki ji tausayinshi. In kin yi mishi ƙarya, ta daji ba ta yi mishi."

Ba wanda ya tambaye ni ko na yarda. Gwaggo ce ta amsa a madadina.

Dawowa ba abin labari, sai dai injin jirgin ya sake mutuwa, kuma mai gadin dajin ya tambayi Yaya ina tabarmarsa.

Da muka shiga gida Baffa ya ce, "Ina bindiga?" Inna ta dafe ƙirji. Yaya ya kwance zane ya ajiye kan burtun a gabansa. Baffa ya ɗauka, ya juya shi, ya shafa igiyar da gumi ya baƙanta. Ya ce, "Da hannunshi ya ba ka? Maharbi bai ba da wanga aro." Sai kuma ya gyara murya. "Amma rabin karɓa ce. In ruwa ya sauka ba ka koma ba, ni da kaina zan ƙetara in ɗauko ta."

Tun ran nan ban san hutu ba. Yaya ya koma kwana a zauren maƙwabta. Kullum da yamma in zauna bakin rijiya da littafina, shi kuma ya taso daga zaure da rarrafe, yaran unguwa sun hau katanga suna kallo. Da fari numfashinsa nake ji tun daga ƙofa. Da ya gyara wannan, gwiwarsa ta dama takan yi ƙara. Da ya gyara wannan, kaji suka riƙa tona shi, don in ya matso sukan daina tono. Ran nan inuwarsa ce ta riga shi isowa. Ya ce ni mayya ce. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Rabi, ga hadari ya fara haɗuwa gabas. Ki ɗan yi kamar ba ki ji ba mana." Na so in yi, Allah ya sani. Amma duk lokacin da na yi niyya, sai in tuna barewar nan uku da hancinsu a sama, wuyana ya juya da kansa.

Jiya da yamma na zauna bakin rijiya ina rubuta muku wannan labarin. Na kai daidai wurin tabarma da mai gadin daji, haushin ya dawo mini sabo, ina ta danna biro har takarda tana hujewa. Kaji suna tononsu. Yaran kan katanga ba su yi dariya ba. Ban ji numfashi ba, ban ji gwiwa ba, ban ji warin komai ba sai ƙamshin ƙasa da iskar gabas ta kawo. Sai kawai na ji kaina ya yi sanyi. Na ɗaga ido, ga ɗankwalina yana lilo a bakin burtu.

Na ce ba a yi ba, rubutu nake. Inna ta ce ai barewa ma kiwo take in aka sanɗe ta. Baffa, wanda ashe yana tsaye bakin banda tun ɗazu, ya dubi hadarin, ya dubi Yaya, ya ce, "Ka kama motar farko gobe. Kuma ka bar kifin, ni zan aika mishi da nawa daban."

Abin da ya fi ba ni mamaki, Yaya bai ce uffan ba. Ya miƙo mini ɗankwalina, ya kwance burtun, ya shiga haɗa kaya.

Ya tafi yau da safe, ruwa bai sauka ba tukuna. Ku kuka jawo aka kama ni, da tambayarku da ba ta ƙarewa. Kuma Hajara, ke da ke zama bayana, ki daina ja mini ɗankwali don ki ga ko zan waiwayo. Tun kina cire takalmi nake jin ki.